Kundin igiyoyin kurmi, daga ƙarshen damina zuwa bazara

7 ga Satumba, 2024

Aikin da na sa a gaba shi ne haɗa ɗan kundi na tsirran da ke hawa bishiya masu jikin itace, waɗanda ake samu a kurmin da ke bin rafin bayan garinmu har ya faɗa Kogin Galma, da kuma gindin duwatsun wajen Kufena. Soso da garahuni da karara ba sa ciki, don su damina ɗaya suke yi su mutu. Masu shekaru nake nufi, irin waɗanda yara ke lilo da su.

Sharaɗi guda na gindaya: duk alamar da zan rubuta sai ta zama wadda mutum zai gani yana tsaye a ƙasa, ko da babu fure. Littattafan tsirrai da fure suke rarrabewa, fure kuwa 'yan makonni yake yi a shekara, kuma yana can ƙololuwar maɗaci inda sai biri.

Kayan da na saya: allunan matse ganye guda biyu wajen kafinta, naira 4,500, tsofaffin jaridu, 3,000, robar tayar babur ta ɗauri, 500, almakashin lambu, 6,000, gilashin ƙara girma, 2,500, littafi mai kwali, 1,800, kafur, 700. Jimla 19,000. Adda da maƙata na gida ne.

14 ga Satumba

Wani dattijo maharbi, maƙwabcin surukina, ya yarda ya riƙa raka ni ranar Asabar. Ya haura saba'in, amma a cikin kurmi sai na yi da gaske nake cim masa. Mun tsaya a gindin wata kanya na ɗaga kai ina duban ganye, sai ya ce, "Malam, ganyen wa kake kallo? Can sama kowa ya cuɗe da kowa. Kama igiyar ka bi ta da hannu."

A kan kanyar nan kaɗai akwai masu yaɗo iri uku, ganyensu ya gauraye da nata. Baba ya zaɓi reshen wata ya sare a karkace, ruwa garau ya fara ɗiga. Bakin saran cike yake da 'yan ƙofofi da ido ke gani ba sai an sa gilashi ba. Na yanki reshen kanyar don gwadawa, shi a toshe yake sumul. Bishiya ita ke ɗauke da nauyin kanta, don haka ƙarfi itacenta ke nema. Mai yaɗo ya ɗora wa wani nauyinsa, sai ya mayar da jikinsa hanyar ruwa, manyan kafofi masu kai shi nesa zuwa ganyen da ke sama. Wannan ce alama ta farko a kundin, mai raba igiya da ƙaramar bishiyar da ta langaɓe.

Wadda ya sare ɗin dafara ce. Ganyenta fale-fale ne masu faɗi, gindinsu a lotse, suna fitowa ɗaya-ɗaya a kowace gaɓa. Gaɓoɓin a kumbure suke. Abin da ya fi komai tabbas shi ne zaren riƙonta: yana fitowa daidai kishiyar ganye, ganye a wannan gefe, zare a wancan. Duk danginta haka suke, har da inabin da ake nomawa a Kudan. In ka daddaka ɓawon ka jiƙa, sai ruwan ya yi yauƙi yana ja. Da wannan yauƙin magina na da suke kwaɓa katsi da gashin jima su yi laso, su shafe soro don kada ruwa ya ci shi. Idoma a Binuwai kuma miya suke yi da ita, okoho.

Mun yi yarjejeniya da Baba: reshe kawai za mu riƙa yanka, ba a taɓa uwar.

21 ga Satumba

Ruwa tun asuba, rafi ya cika. Ba a fita ba. Na canza jaridu.

28 ga Satumba

Asara ta farko. Na kwance alluna na tarar rabin abin da na matse ya yi funfuna, wani ya yi baƙi ƙirin ya manne da jarida. Dafara ce ta fi ba da haushi. Jikinta ruwa ne, ba ta yarda ta mutu a cikin matsi ba, sai ta riƙa kakkarye kanta gaɓa-gaɓa, ganye ya rabu da kara. Na buɗe takardar na ga tarkace, ba yadda za a yi a san wane ganye ne ke fuskantar wane zare, alhali alamar ke nan da nake son nunawa.

Iskar Satumba a jiƙe take, jarida da kanta danshi take sha kafin ta sha na ganye. Ga abin da na koma yi. Na karɓo kwalayen taliya wajen mai shago, na yanka daidai girman allo, ina saka ɗaya tsakanin kowace jarida biyu, don kafofin cikin kwalin su bar iska ta ratsa. Da dare ina tsayar da allunan a gefensu bisa kujerar ƙarfe, kurfoti da 'yar wuta a ƙasa, nesa yadda hannu zai jure zafin. Dafara da duk mai jikin ruwa kuwa sai na fara tsoma su a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan, su mutu tukuna, sannan a matse. Gawayi ya ci 2,000. Uwargida ta ce ɗakin baƙi ya koma warin kurmi, an kori allunan zuwa zaure.

5 ga Oktoba

Ranar masu ƙaya. Waɗannan ba nannaɗewa suke yi ba, ba su kuma da zare. Ƙayarsu ce ke saƙale reshen maƙwabci, su jingina, su ƙara tsawo.

Sarƙaƙiya kowa ya san ta, ta yaga mini hannun riga tun kafin in gaishe ta. Ƙayoyinta gajeru ne masu lanƙwasa baya, a warwatse ko'ina a jikin reshe ba tsari, har a bayan ƙashin ganye. Ganyen irin na bagaruwa ne, ƙanana rututu. Amma a bakin rafin nan iri biyu ne suke amsa sunan. Ɗaya furenta dogo ne, zangarniya fara mai ɗan rawaya, ita ce *Senegalia ataxacantha*, da ake kira *Acacia* a tsofaffin littattafai. Ɗayar furenta dunƙule ne. Na yi sa'a na same su duka da ragowar fure, na ɗaura wa kowace alamar leda don in dawo da rani in nemo abin da zai raba su in furen ya zube.

Ƙabdodo, wanda Baba ke kira haujeri, a kan suri muka same shi. Tasa ƙayar tana da tsari: biyu-biyu, a gindin kowane ganye, su ma a lanƙwashe. Ganyen guda ne ba rututu ba, sabon toho yana da laushin gashi. Ko da dare da lalube za ka raba shi da sarƙaƙiya, in kana da yatsun bayarwa. Baba ya ce makiyaya ba sa son raƙumi ya yi kiwo a kansa.

12 ga Oktoba

Can cikin kurmi, inda malmo da maɗaci suka haɗe sama rana ba ta sauka, akwai wani mai yaɗo da ake kira ciwo, da ya fi cinyata kauri. Ya tashi daga ƙasa ya yi lanƙwasa biyu a iska kafin ya kama maɗacin. Baba ya ce tun yana yaro yake shan 'ya'yansa.

Da ƙyar almakashi ya taɓa reshe, nono fari tas ya tsatso, mai kauri, ya bi ƙarfen ya daskare. Ganyen biyu-biyu suke suna fuskantar juna, masu sheƙi, gefensu sumul. Zaren riƙonsa ba siriri ba ne irin na dafara. Daga ƙarshen reshe ko tsakanin rassa biyu yake fitowa, yana da 'yan rassa masu ƙugiya, kuma in ya kama abu sai ya yi tauri ya zama itace. Nono fari, ganye biyu-biyu, ƙugiya mai rassa: a kurmin nan ban ga wani mai haɗa ukun nan ba sai shi.

Inda aka tsaya shi ne wane ciwon. Sunan yana hawa kan *Landolphia* da kan *Saba*, 'yan gida ɗaya ne. Nonon *Landolphia owariensis* yana zama roba ta gaske mai talewa, kuma ita ce robar da aka zubar da jinin mutanen Kwango a kanta zamanin Sarki Leopold na biyu, tun kafin gonakin roba na Asiya su cika kasuwa. Nonon *Saba* kuwa danƙo yake tsayawa, mai manne wa hannu. Na tara kaɗan a murfin kwalba na matsa lemun tsami, ya dunƙule, na murza. Ya ƙi talewa, ya bi yatsu ya manne, sai da kananzir ya fita. Da wannan da girman ganyen na rubuta *Saba* da fensir. Tabbaci sai an ga fure, nata manya ne farare masu rawayan maƙogwaro da ƙamshi, na ɗayan ƙanana. 'Ya'ya kuma sun wuce, farkon damina suke nuna. Wata 'yar uwarta ce ake sayarwa tuli-tuli a kasuwannin Senegal da Mali da Burkina Faso, ana sha da sukari ko gishiri da barkono. Mu a nan mun bar wa yara da birai.

19 ga Oktoba

Litar fetur ta haura naira 1,000. Zuwa Kufena da dawowa a babur ya zama abin lissafi, don haka na mayar da shi sau ɗaya a wata. Kurmi da ƙafa ake zuwa. Sababbin matsin sun bushe lafiya, kore shar.

26 ga Oktoba

Hannu biyar shi ne mafi sauƙin ganewa cikin duk waɗanda na rubuta, kuma shi ya fi burge ni. Kowane ganye 'ya'ya biyar ne, biyu-biyu sannan ɗaya a ƙarshe, gefensu da 'yan haƙora. Ƙashin da ke riƙe da su yana da fiffike kore a kowane gefe tun daga gindi. Zaren riƙonsa biyu ne a haɗe, a naɗe tamau, a gindin zangarniyar fure. Na samu 'ya'ya sun nuna, ja, masu kusurwa uku, wasu sun tsage ana hango baƙin iri a cikin farin nama. Baba ya ce goron dorina ke nan, kuma masunta na da suna daka shi su zuba a kududdufi kifi ya bugu ya taso.

Na yanki kara mai kaurin babban yatsa a gicciye na sa gilashi. Ba da'ira ɗaya ba ce. Akwai babbar da'ira a tsakiya, sai ƙanana guda uku a kewaye da ita, kowace da nata ɓargo da nata kafofin ruwa, ɓawo ɗaya ya lulluɓe su duka. Shi ya sa karan yake da kusurwa uku in ka murza shi a hannu. Tamkar igiyar rama ce da aka tufka, ta lanƙwasa ta murɗe ba ta karye ba, ko bishiyar da take kai ta yi rangaji. Na yanka faifai sirara na shanya, zan manna ɗaya a kowane kwafin kundin.

9 ga Nuwamba

Na fita da yara huɗu daga ƙungiyar manoma ta makarantarmu. Ba a yi aikin kirki ba. Ɗayansu ya ja igiya da maƙata don ya sauko da reshen sarƙaƙiya, ashe karara ta bi ta kai, kwansonta ya bushe. Gashin ya zubo masa a wuya da cikin riga. Yaro ya yi ta tsalle yana kuka yana susa, susar kuwa ƙara cusa gashin take yi cikin fata. Baba ya daka masa tsawa, "Kai ɗan nan, sauke hannunka!" Ya tuɓe masa riga, muka bi wuyan da salatif ɗin da nake manna lamba muna ɗagowa, sannan aka wanke a rafi aka shafa man kaɗanya. Ya fi awa ɗaya kafin ya natsu, fatar ta yi ja ta yi rudu-rudu. Na kai shi gida da kaina na yi wa mahaifinsa bayani.

Karara ba ta cikin kundin, amma yanzu ta samu shafi na farko da jan biro: ganye uku-uku irin na wake, kwanso mai lanƙwasa lulluɓe da gashi ruwan zuma. Daga Nuwamba zuwa Janairu a duba sama kafin a ja komai.

Abu na biyu, alamun ledar da na ɗaura wa sarƙaƙiyoyin nan duk sun tafi, ko awaki ko yaran kiwo. Na sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti, 2,800, zan riƙa rubuta lamba a jikin bishiyar da igiyar ke kai.

16 ga Nuwamba

Talaki. Shi ba ƙaya, ba zare, ba nono. Yana farawa kamar kowane ƙaramin itace, sai rassan su yi tsawo su kwanta a kan na kusa. Ganyen 'ya'ya ne biyu-biyu da ɗaya a ƙarshe, manya, gefensu sumul, ƙashin ba fiffike, wanda ya raba shi da hannu biyar. Gwajinsa a tafin hannu yake: murje sabon toho ka jira. Wanda na murje ya fara kore, kafin mu kai bakin hanya ya koma shuɗi mai duhu. Wanda na matse a jarida ma haka ya rine.

Na kai reshe wajen wani tsohon marini a cikin birni. Bai ko juya shi ba ya ce, "Talaki ne. A ina ka samo?" Ya ce su da shukar baba suka fi aiki, amma suna sayen talaki a dunƙule, an daka toho an shanya. Shi ne Yarabawa ke kira elu, da shi ake rina adire a Abeokuta. Ya roƙi in kawo masa iri in kwanso ya bushe.

30 ga Nuwamba

A cikin makon nan na kai matsina ɗakin adana busassun tsirrai na jami'a a Samaru, aka gwada su da nasu. Dafara, hannu biyar, talaki da ƙabdodo sun tabbata. Ciwo an ce in dawo da fure. Wani ma'aikaci ya nuna mini yadda suke ɗinke kara mai kauri a jikin takarda da zare maimakon gam, zan koma yin haka.

A nan na ga amfanin ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya fitar a 1916, likitan nan ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewa. Sunayen da Baba ke faɗa mini yau suna ciki, fiye da shekara ɗari.

Yara sun matsa in gwada manhajar gane tsiro ta waya. Ta gane hannu biyar nan take. Hoton ciwo kuwa ta ba shi suna uku a ɗauka uku, ɗaya ma na wata bishiyar Asiya. Ganye mai sheƙi mai gefe sumul ya yi yawa a duniya, ita kuma ba ta ganin nono.

14 ga Disamba

Hunturu ya kama, dafara ta zubar da ganye ta bar igiya tsirara. Idon zakara kuwa yanzu ne lokacinsa. Kwansonsa ya tsage ya murɗe, irin yana manne a ciki, ja wur da ɗigon baƙi a gefe ɗaya. Karansa siriri ne amma itace ne, kuma nannaɗewa yake yi. Ganyen irin na tsamiya, 'ya'ya biyu-biyu babu na ƙarshe, in ka tauna akwai zaƙi-zaƙi. Irin dai guba ne mai kisa in aka tauna shi ko aka huda, duk da cewa yara na wasa da shi, kuma maƙeran zinariya a Indiya sun daɗe suna awo da shi. Nawa yana cikin kwalba mai murfi a saman kabad.

Na ɓata lokaci ina duba ta wane gefe masu nannaɗewa ke juyawa, ko zai zama alama. Duk waɗanda na duba gefe ɗaya suke bi. A wajen doya abin yana aiki, don wasu irinta dama suke bi wasu hagu, amma a kundin nan ba shi da amfani. Na soke layin.

28 ga Disamba

Biki ya kai mu Daura, na saci yini guda. Ƙasar can ta fi tamu bushewa, masu yaɗonta ma daban.

Geza ta cika fako da tsakuwa, ganyenta ya koma ja-ja. Yawanci kurum take tsaye, amma inda ta samu bishiya kusa sai rassanta su miƙe su hau. 'Ya'yanta busassu ne masu fiffike huɗu. Farar geza fiffike biyar gare ta, kuma tana da wata dabara: in ganye ya faɗi, guntun mariƙinsa yakan zauna a jikin reshe ya yi tauri ya lanƙwasa ya zama ƙaya. Na samu reshe guda da ke nuna abin daki-daki, daga ganye mai rai a ƙarshe har zuwa cikakkiyar ƙaya a gindi. Ganyen geza mai fiffike huɗun ne ake dafawa a sha a Senegal da Mali da sunan kinkeliba.

Yaɗiya ko'ina, kore shar a tsakiyar rani, ta lulluɓe shinge da aduwa. Na yi shakkar sa ta, sai da na tono gindin wata tsohuwa na ga kara mai kauri da ɓawo fari-fari, mai taushi, a tsattsage. Ta shiga. Ganyenta biyu-biyu ne amma siffarsu ba ta da alƙawari, a igiya ɗaya za ka ga dogo siriri ka ga mai faɗi. Ruwan jikinta ba fari ba ne, garau yake mai ɗan danƙo. Gwaggo ta ga ina matse ta a jarida ta ce, "Kai da ka kawo nan na yi maka kwaɗo da ƙuli, da ya fi maka."

11 ga Janairu, 2025

An sare maɗacin da babban ciwon nan yake kai. Mun tarar da kututture da ramin gawayi yana hayaƙi a gefe. Ciwon ya faɗo tare da bishiyar, an daddatse shi don a samu hanyar jan itace, gunduwa-gunduwa a ƙasa, nonon ya bushe ya yi baƙi a bakin kowane sara. Ko gawayin ba a yi da shi ba, itacensa ba ya ci. Baba ya tsaya ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a duba gindin. Sun bar kamar kamu biyu a ƙasa. Na auna kewayensa da igiya na gwada a tef, santimita 58. Mun tara ƙayar sarƙaƙiya mun kewaye shi saboda awaki.

Ke nan furen da nake jira daga wannan igiyar babu shi bana, ko ta yi toho. Akwai wasu ciwon biyu ƙanana can gaba, amma ban taɓa ganin alamar sun yi 'ya'ya ba.

Kuma wuta ta ci gefen kurmin na gabas, inda lamba 4 da 7 suke, wato sarƙaƙiyoyin da nake son kwatantawa. Kafin wutar na riga na ɗebi kwanson mai dogon fure, ja-ja ne, fale-fale. Na ɗayar bai kai ga bushewa ba. Bambancinsu ba tare da fure ba zai jira wata shekara.

Na je wajen mai unguwa. Ya saurare ni da kyau, ya ce zai yi magana, ya kuma ce buhun gawayi yanzu kuɗi ne kuma mutane na cikin matsi. Ban musa masa ba, ni ma da gawayin na busar da ganyena.

25 ga Janairu

Na buga daftarin mabuɗin, wato jerin tambayoyin da mutum zai bi ya gane kowace igiya, a shagon kwamfuta, shafi shida, kwafi goma, 3,500. Na raba wa yara na sake su a bakin kurmi, ni da Baba muka zauna a inuwa muna kallo.

Tambayar farko a daftarin ita ce yadda igiyar ke hawa. A nan suka maƙale. Tsohuwar igiya a daidai tsayin mutum ba ta nuna komai, zaren ya bushe ya faɗi tun shekaru, abin da ta fara kamawa ma ya mutu ya ruɓe, ita kaɗai ce ke rataye. Tambaya ta biyu ganye, rabinsu kuma ba ganye a Janairu. Waɗanda suka yi nasara su ne suka tsallake zuwa ƙasa suka karci ɓawo da farce.

Sabon tsari: a fara da ƙaya, akwai ko babu, a warwatse ko biyu-biyu. Sai a karci ɓawo a ga abin da zai fito, nono, ruwa mai yauƙi, ruwa garau, ko ba komai. Sai siffar kara da gaɓoɓinsa. Ganye da zare su koma ƙarshe, don tabbatarwa. Wata yarinya ta lura cewa ko ganye ya zube, tabonsa yana nan a reshe, ana iya gani ko ɗaya-ɗaya ne ko biyu-biyu. Na sa shi a ciki.

1 ga Fabrairu

Ɗinki da liƙa lamba. Ƙwari sun fara cin furen sarƙaƙiya, na ƙara kafur.

15 ga Fabrairu

Kwankwani ya yi fure a gindin dutse ta wajen Kufena, kuma ba ganye ko ɗaya a jikinsa. Tun Oktoba na san igiyar, mai ɓawo ruwan ƙasa da ɗige-ɗige farare birjik, ganye biyu-biyu wani wurin uku-uku, ruwan jiki tsararo. Na rubuta ta a "ba a tabbatar ba". Baba tun ranar ya ce kwankwani ne, yau furen ya gaskata shi. Fari ne mai shiga rawaya, cikinsa da zane ja-ja, kuma kowane leɓe biyar ɗin ya zarce ya zama dogon zare yana lilo. A sama akwai kwanson bara, biyu a haɗe ta gindi sun miƙe ɗaya gabas ɗaya yamma, sun tsage, iri mai tuntun gashi yana fita da iska.

Da irin nan ake dafa dafin kibiya. Na tambayi Baba yadda ake yi, ya ce, "Wannan ba na takarda ba ne, Malam." Na bar shi. Zuciya dafin yake kamawa. A 1949, da aka gano maganin kotizon yana sauƙaƙa ciwon gaɓoɓi, masana daga Amurka da Suwizalan sun bazu a Afirka ta Yamma suna neman irin *Strophanthus sarmentosus*, wato kwankwanin nan, don su haɗa maganin da shi, kafin wata doyar daji ta Meziko ta karɓe kasuwar. Na wanke almakashi da sabulu sau biyu, kuma wannan ba zai shiga hannun yara ba.

22 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau: kayan farko 19,000, gawayi 2,000, fenti 2,800, bugu 3,500, takarda mai kauri da zare 5,200, mai da abin hawa wajen 21,000, goro da ɗan alherin Baba 12,000. Ya kama 65,500.

Tabbatattu tara: dafara, hannu biyar, talaki, ƙabdodo, idon zakara, geza, farar geza, yaɗiya, kwankwani. Ciwo da sarƙaƙiya biyu suna da fensir. Akwai wasu igiyoyi uku da ko Baba ya ce bai san sunansu ba, ɗaya tana da kara shimfiɗaɗɗe mai faɗi, na ba su lamba kawai.

Azumi ya ƙarato, fita za ta tsaya sai bayan salla. Kafin nan zan sake buga mabuɗin da sabon tsari, in kai wa marini irin talakin da na yi alkawari, in kuma cika leda ashirin da ƙasar kurmi a bayan makaranta. Gindin ciwon da aka sare ya fitar da toho uku, mafi tsawo ya kai taƙi. Da ruwan farko zan nemi 'ya'yan ciwo a kasuwar ƙauye, don irinsa ba ya jure ajiya, sai a sha a shuka a ranar. Wanda ya kawo su kuma zan bi shi ya nuna mini uwar.